Bagaruwa da Farar Kanwa

Shekara huɗu ke nan Mato yana ajiye da wani ɗan allon katako a ƙarƙashin jinkar ɗakinsa a Gangara, naɗe cikin fatar akuya. Kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. A cikinsa akwai gilashin hoto guda biyu, baya da baya, waɗanda aka ɗauka amma ba a wanke ba. Hoton da ba a wanke ba babu mai ganinsa. Gilashi ne kawai mai launin nono, in haske ya taɓa shi kuma ya lalace har abada. Mato ya san abin da aka ɗauka a kowane gilashi. Abu ɗaya ne bai tabbatar ba, shi ne kuma ya hana shi sakat.

Mato ɗan Mamman majemi ne. Da ƙuruciya ya gudu wa warin jima ya tafi Damagaram, inda ya yi shekara shida wajen wani Nasara mai yawon auna rijiyoyi. Shi ke ɗaukar masa akwatin hoto, shi ke juya masa magana, daga baya har wankin hotunan ya koma hannunsa. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Kallo ya yi.

A bazarar ƙarshe da suka yi tare, sun sauka wata rijiya da ake haƙa a wani ƙauye kusa da Falanko. Ta kai gaba talatin, ba a ga ruwa ba. A irin wannan zurfi murya ba ta fitowa sosai, don haka mahaƙa suna da ka'ida. Wanda ya shiga yana ɗaure da igiya a ƙugu, a sama kuwa mutum ɗaya yana zaune hannunsa a kan igiyar, ba ya ɗagawa ko ƙuda zai kora. Ba a ba baƙo wannan aiki, sai ɗan'uwa na jini. In rairayi ya fara zubowa a ƙasa, na ciki zai fizgi igiya, mai riƙo ya yi kira, kowa ya kama a ja. Rairayi yakan yi gargaɗi kafin ya rufta. Ɗan lokaci ne, amma yakan isa.

Ran nan mai shiga Jibrin ne, mai riƙo ƙanensa Musa. Nasara ya ɗauki hoton Jibrin shi kaɗai a bakin rijiya kafin ya sauka. Bayan ya sauka, sai Nasara ya ce yana son sauran a jere, fuskarsu wajen haske, bayansu ga rijiya. Mato ne ya jera su. Shi ne ya ce wa Musa ya taso, ya ɗanƙa masa dagi ya ce ya riƙe da hannu biyu, hoton zai fi kyau. Musa ya ce igiya fa? Mato ya ce yanzun nan za a gama. Nasara ya daɗe da kai cikin baƙin ƙyalle yana daidaitawa, Mato yana ta faɗa musu kada wanda ya motsa. Sannan Nasara ya duba agogonsa, Mato ya cire murfin idon akwati, ya ƙirga huɗu, ya mayar.

Da Musa ya koma kan igiya, ya ji ta yi nauyin da ba na mutum ba. Mutum tara suka ja, ba ta zo ba. Ba a samu gawar Jibrin ba. Rijiyar aka cike, aka yi masa salla a kanta.

Nasara bai ƙara tambayar allon ba. Shekarar da aka kwashe mulki daga Damagaram zuwa Yamai ya koma ƙasarsu da akwatin hotonsa, ya bar wa Mato tarkace: farantan wanki biyu, rabin gwangwanin gishirin da ake tsai da hoto da shi, gilashi uku sababbi cikin baƙar takarda, da allon nan. Maganin da ke fito da hoto kuwa, babu ko ƙwaya. Mato ya dawo gida ya kama jima tare da ubansa, ya riƙa ce wa kansa ai rashin magani ne.

Amma ya san wani abu game da hoto. Duk abin da ya tsaya cik lokacin da ido yake buɗe, yakan fito ras. Abin da ya motsa yakan fito kamar hayaƙi. Igiyar Jibrin tana cikin gilashi na biyu, a bayan mutane, ta haye gungumen bakin rijiya ta sauka. Ko ta fito ras, ko ta fito hayaƙi. Tun da ya dawo bai iya tsayawa bakin rijiyar gari ba. Tsakar rana, ba iska ba komai, in ya wuce igiyar shanya sai ya ga kamar ta yi ɗan tsalle. In ya juyo ya dube ta sosai, tana nan shiru.

Wata Laraba da hantsi, yana karta fatar tunkiya a kan gungume, sai wani dogon mutum ya yi sallama, yana jaye da jaki, bisa jakin wata tsohuwa. Mato ya gane shi tun kafin ya sauke rawani. Musa ya rame, ya yi furfura a gemu tun bai kai ba.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen da ta ji muryar Mato. Idonta na dama ya yi fari fat, na hagu ya fara.

Ta ce, “Sunana Tabawa. Ni na haifi Jibrin. An ce mini ɗana yana wurinka a cikin katako.”

“Ba shi ba ne, Inna. Kamanninsa ne.”

“Na sani, ɗan nan, ban haukace ba tukuna. Kowa yana da kushewar da zai nuna, ni rijiya aka nuna mini. Idon nan da ya rage ba zai kai kaka ba. Ina so in ga fuskarsa.”

Mato ya yi mata bayanin magani, da yadda ake kawo shi daga ƙasar Nasara cikin kwalba, da yadda ya ƙare. Ta saurara har ya gama.

Ta ce, “To za mu zauna har ka samo.”

Mamman, wanda ke tsugune bakin kwatarnin jima hannunsa cikin ruwa har gwiwa, ya ɗago. Kunnensa ya yi nauyi, don haka komai da ƙarfi yake faɗa. “Me ta ce?”

“Ta ce za su zauna, Baba.”

“Madalla. Gero kam akwai. Shekara huɗu yana kwana ƙarƙashin katakon nan kamar kaza a kan ƙwai, bai ƙyanƙyashe ba.”

Da yamma Musa ya same shi shi kaɗai a bayan gida yana shanya fatu. Ya daɗe tsaye yana murza bakin rigarsa.

Ya ce, “Hoto biyu aka yi ran nan.”

“Biyu.”

“A garinmu cewa suke hannuna yana kan igiya. Wai na ji Yaya yana ja, tsoron Nasara ya hana ni motsi. Waɗanda muka jeru tare sun ce su gaba suke kallo, ba su ga hannuna ba. Tun ran nan ko guga ba a ba ni in riƙe. In na zo bakin rijiya, mata sukan kira 'ya'yansu.” Ya saki bakin rigar. “Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da nake so in sani, ya kira ni ko bai kira ba?”

Mato ya ce, “Bari mu ga ko zai wanku.”

Ya kwana biyu yana tuna maganin Nasara. Gari biyu ne ake jiƙawa dabam, sai za a zuba ake haɗawa. Ɗaya ya taɓa lasa, bakinsa ya yi santsi da ɗaci irin na kanwa sak. Ɗayan shi ke rina masa yatsu ruwan ƙasa, rinin da ba ya fita sai fata ta sake. Ya dubi hannun ubansa, ya dubi nasa. Launin ɗaya ne. Nasara ma ya taɓa cewa daga wani ƙullutu na itace ake samo garin, majeman ƙasarsu suna aiki da shi. Mato ya tashi ya ɗebo bagaruwa cikin buhun ubansa.

Ɗakin duhu kuwa, wani tsohon rumbun laka ne a bayan gida da aka daina zuba hatsi. Ta sama ake shigarsa. Mato ya liƙe tsagunansa da laka, ya huda wata 'yar kafa daidai ƙirjin mai zaune, ya rufe ta da jar fatar akuya wadda aka rina da karan dafi, ya karce ta har ta yi sirantaka, ya shafa mata man shanu. Jan haske ba ya cin irin wannan gilashi. In ya shiga, ubansa zai rufe bakin rumbun da faifai da fatu uku, ya danne da dutse. Da yake tsohon ba ya jin kira, sai ya zura wata siririyar igiya ta ƙarƙashin fatun, ya ɗaure bakinta a babban yatsan ƙafar Mamman, in Mato ya ja daga ciki sai tsohon ya buɗe.

Da aka rufe shi karon farko, Mato ya ɗaga kai. Bango zagaye, duhu a sama, igiya tana reto a gaban fuskarsa. Sai da ya dafa ƙasa.

Gilashin gwaji uku gare shi. Ya ɗora matsefin ƙarfe a kan na farko, ya ɗaga gefen jar fatar na ƙiftawar ido, ya mayar. Ya daka bagaruwa, ya fid da 'ya'yan, ya dafa ɓawon, ya tace. Kanwar da ke gidan ja ce, irin wadda ake ba dabbobi, da ita ya haɗa. Ruwan ya yi baƙi tun a cikin ƙwarya, gilashin ya fito baƙi ƙirin, da laka a manne ko'ina. Babu matsefi, babu komai.

Ya tafi kasuwa ya zaɓo farar kanwa daga wajen wani Babarbare, ya jiƙa ta kwana ɗaya har ƙasa ta kwanta, ya tsiyaye na sama ta cikin tsumma ninki uku. Ya shiga da na biyu bayan azahar. A jan haske ya ga haƙoran matsefi sun fara bayyana. Sai fuskar gilashin ta yamutse kamar yanar da ke kan dafaffen nono, ta zame, ta taru a kusurwar faranti. Ruwan ya yi ɗumi da yawa.

Ya fito da farantin ya zauna gindin rumbu. Mamman ya zo ya tsamo yanar da yatsa biyu, ya murza, ya shinshina.

“Wannan ai fata ce.”

“Wace irin fata, Baba? Daga ƙasar Nasara aka kawo.”

“To a ƙasar Nasara shanu tsirara suke yawo? Ƙirgi ne aka dafa har ya narke, aka shafa. Na san warinsa tun ba a haifi uwarka ba.” Ya goge yatsunsa a cinya. “Shekara shida a Damagaram, ka dawo ba ka san fata ba. Wa ya ce maka ana jefa ɗanyar fata cikin ruwa mai ƙarfi? Tsarki ake fara ba ta, bagaruwa zalla, sassauƙa, ta sha ta kama jikinta. Sannan ka kawo kanwarka.”

Tabawa, wadda ke zaune inuwar zana tana ɓarar gujiya da lalube, ta ce, “Ka ji maganar tsoho, ɗan nan. Saura nawa?”

“Na gwaji saura ɗaya, Inna.”

“Na ɗana fa?”

“Ba a gwaji da shi. In ya zame, ya tafi.”

Ya sayi sabuwar randa, ya binne ta rabi cikin jiƙaƙƙen rairayi, ruwan ya kwana a ciki. Da sassafe, tun rana ba ta taɓa bangon rumbu ba, ya shiga da na uku. Ya fara ba shi sassauƙar bagaruwa. Sannan ya haɗa ludayi uku na mai kauri da ludayi ɗaya na ruwan kanwa, ya zuba nan take kafin iska ta baƙanta shi. Ba shi da agogo, sai ya auna lokaci da tasbaha, yana girgiza faranti da hannun hagu yana jan istigfari da na dama. A ɗari biyar matsefi ya fito, kowane haƙori dabam. Bai kai baƙin na Nasara ba, launinsa irin na tsohon takalmi ne, amma bai zame ba. Ya sa shi cikin ruwan gishiri har farin nono ya washe.

Washegari ya sauko da allon daga jinka. Ya yi alwala kamar mai zuwa jana'iza. Yana kan tsani zai shiga, sai Mamman ya kwance igiyar daga yatsansa ya miƙa wa Musa.

“Ungo, riƙe. Yau fatu sun yi mini yawa.”

Musa ya ɓoye hannunsa a baya. “Baba, ba a ba ni igiya.”

“Me ya ce?”

“Ya ce ba a ba shi igiya,” in ji Mato.

“A Falanko ke nan. Nan Gangara ne. Riƙe, in ya ja ka buɗe, iska ba ta da yawa a ciki.”

Musa ya karɓa da hannu biyu, ya zauna ya jingina da rumbun.

A ciki Mato ya zare murfin allon. Babu alamar da za ta nuna wane ne wane. Ya ɗauki na ɓangaren da ya zo hannunsa. Tsarki, sannan haɗi, sannan tasbaha. Ɗari biyu suka wuce ba komai. A ɗari na uku sama ta fara duhu a gilashin, sai wani baƙin abu mai siffar riga ya taso a tsakiya. Mutum ɗaya ne. A irin wannan gilashi komai a juye yake fitowa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, shi ya sa a Damagaram suke ce masa dodon hoto. Mato ya wanke irinsu sun fi ɗari, bai taɓa jin komai ba. Amma wannan fuskar ta taso daga ƙasan jan ruwa fara sol, da baƙaƙen haƙora, da farin ɗigo a tsakiyar kowane ido, tana dubansa daga ƙasa kamar wanda ya gaji da jira. Jibrin yana murmushi. Mato ya manta da cewa ya yi murmushi ran nan. Ya ci gaba da girgiza farantin, ruwa yana rufe fuskar yana buɗewa, har ɗari biyar suka cika.

Ya sa shi a gishiri. Zai iya tsayawa nan. Zai iya cewa na biyun haske ya ci shi tun a hanya, wa zai ƙaryata? Ya yi tunanin cewa wataƙila rashin sani ma jinƙai ne ga Musa, tunda in igiyar ta motsa, zai koma gida da abin da ya fi wanda ya zo da shi nauyi. Sai ya tambayi kansa, in da ya tabbata igiyar ras za ta fito, zai yi wa Musa wannan jinƙan? Bai sami amsar da ta yi masa daɗi ba. Ya haɗa sabon ruwa.

Mutum tara suka taso a jere, fararen fuskoki, kamar waɗanda aka tasa daga ƙasa. Na uku daga dama Musa ne, hannu biyu a kan dagi, tsakaninsa da bakin rijiya taku biyu. Gungumen ya fito ras, har da tsagar da igiyoyi suka ci a jikinsa. Gwafannin da suka tallafe shi ras. Wani tulu da aka ajiye a gefe ras. Inda igiya ya kamata ta kasance, daga gungume zuwa turken da aka ɗaure ta, wani abu ne mai faɗi kamar mafici, hayaƙi-hayaƙi, siriri a wajen turke, buɗaɗɗe a tsakiya.

Mato ya tsai da shi a gishiri, ya ɗauraye. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan hayaƙin ya murza. Na shekaranjiya da ɗumin ruwa kawai ya zame. Wannan ya murza da ƙarfi, ya sa farce. Bagaruwa ta riga ta jeme shi, ya kama gilashi kamar fata a bakin ganga.

Ya zauna. Iska ta yi nauyi, warin bagaruwa da man shanu ya cika masa ƙirji, jan hasken ya fara juyawa. Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Igiyar tana nan gaban fuskarsa. Ya miƙa hannu ya ja sau ɗaya.

Bai kai ga ja na biyu ba dutse ya faɗi ƙasa, fatu suka tashi, haske ya zubo, da fuskar Musa a ciki yana haki.

Sai da gilashin farko ya bushe a inuwa sannan Mato ya kai wa Tabawa. Ya san in ta gan shi a juye za ta tafi da wannan farar fuskar har kushewarta. Ya ari rawanin Musa, baƙin turkuɗi, ya shimfiɗa a kan faifai, ya kwantar da gilashin a kai, ya karkata shi wajen hasken ƙofa. In siririn dodo ya hau baƙin ƙyalle, haske kuma ya zo ta gefe, yakan juyo daidai. Rigar ta koma fara, fuskar ta koma baƙa.

Tabawa ta kawo idonta na hagu har ya kusa taɓa gilashin. Ta matsa baya, ta sake matsowa, ta karkata kai.

Ta ce, “Fuskar ba ta fito mini sosai ba. Amma ga kafaɗar nan ta hagu da yake saukewa, irin ta ubansa. Dariya yake yi?”

“Yana yi, Inna.”

“Haka yake. Ko faɗa nake masa.” Ta bi gefen gilashin da yatsa. “Rigar nan ni na kaɗa zarenta. Na ce kada ya shiga rami da ita.”

“Ya tuɓe ta kafin ya shiga,” in ji Musa.

“Na sani. Tana cikin adudu.”

Suka bar ta da shi a cinya. Mato ya ɗauki na biyun ya nufi bayan gida, Musa yana biye. Mamman ya tare ɗansa a bakin zana, ya karɓi gilashin, ya ɗaga shi sama ya ƙanƙance ido. Tsohon bai san hoto ba, amma ya san fuskar ɗansa. Ya yi ƙoƙarin rage murya, ba ta ragu sosai ba.

“In akwai tabo a fata, akan ce kanwa ce ta ci. Ba wanda ya taɓa kai majemi ƙara a kan haka.”

“Na sani, Baba.”

Mato ya karɓi gilashin ya miƙa wa Musa. Bai sa masa baƙin ƙyalle ba, ya bar shi ya duba ta hasken sama. Musa ya daɗe kafin ya gane kansa. Ya nuna da yatsa.

“Ni ne nan?”

“Kai ne. Ga hannunka biyu a kan dagi. Duk mai ido zai gani.”

“Wannan hayaƙin fa? Ba a hura wuta ba ran nan.”

Mato ya ji maganar ubansa a bakinsa, a shirye, ba sai ya nema ba.

Ya ce, “Igiya ce. Abin da ya motsa haka yake fitowa. Yana ja.”

Musa bai ɗago ba. “Sau nawa?”

“Gilashi ba ya nuna wannan. Amma ja ɗaya ba ya yin faɗin nan.”

Musa ya tsuguna a hankali, gilashin yana hannunsa, ya riƙe shi nesa da jiki kamar ƙwaryar da ta cika. Can cikin gida ana jin Tabawa tana magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba.

“Mu duka baya muka ba ta,” in ji Musa. “Nasara fa?”

“Agogo yake kallo.”

“Kai fa?”

“Ni ina fuskantarta.” Mato ya tsuguna shi ma. “Shekara huɗu ina ce wa kaina wataƙila idona ne. Na kai biyu a ƙirga na ga abu ya yi tsalle a bayanku. Na ce saura biyu, in na yi magana gilashi ya ɓaci. Da na rufe, ta tsaya. Sai na ce ai ba komai ba ne, na tsaya naɗe baƙin ƙyalle. Ban ce maka ka yi sauri ba.”

“Kafin ka fara ƙirgar fa? Mun daɗe a tsaye.”

“Ban sani ba. Ku nake kallo, kada wani ya motsa.”

Musa ya sake duban hayaƙin. Ya ce, “Ni ma na ɗaga hannu. Ba ɗaure ni ka yi ba. Ka ce in taso, na taso.”

Mato bai ga abin da zai rage wa ɗayansu ba tare da ya ƙara wa ɗayan ba.

“Sau ɗaya ka ja ɗazu na buɗe,” in ji Musa. “Sau ɗaya.”

Ya miƙe ya ba Mato gilashin. “Mutanen garinmu ba su san hayaƙi ba, ba su san ras ba. In na kai musu wannan, fararen aljanu tara za su gani. Sai da mai bayani.”

“Zan zo.”

“A gaban Maigari. Da abin da ka faɗa mini yanzu, har da baƙin ƙyallen.”

“Har da shi.”

“Inna kuma kai za ka faɗa mata, ba ni ba. Ka bari ta gama ganinsa tukuna.”

Da gari ya waye Mato ya mayar da gilasan biyu cikin allonsu, baya da baya kamar yadda suka kwana shekara huɗu, ya naɗe da fatar akuya. Mamman ya rako su har bakin gari, yana faɗa wa Tabawa da ƙarfi cewa ta riƙa wanke idon da ruwan sanyi. Hanyar Falanko ta bi ta gefen rijiyar gari. Mata suna ta ja, igiyoyi suna kuka a kan gungume. Musa ya wuce da jaki bai juya ba. Mato ya tsaya, allon a hammatarsa, yana kallon wata igiya guda da aka bari rataye ba mai riƙo, har Tabawa ta tambaya daga bisa jaki ko ɗan majemin yana tafe.